Godiya ga waɗanda suka ara mini hancinsu

Alhamdu lillahi. Shekaranjiya wake ya kama a tukunya, na ji ƙaurinsa tun daga ɗaki. Maimakon in ruga in sauke, sai na tsaya ina hawaye, don wata bakwai ke nan rabona da jin ƙamshi ko wari yadda yake. Mura ce mai zafi ta kwantar da ni, da ta tafi sai ta tafi da hancina. Ni kuwa haɗa turaren wuta da humra ce sana'ata.

Bayan Allah, godiyata ga likitan hanci da ya zauna ya zana mini abin a takarda. Can saman kogon hanci akwai ɗan wuri mai miliyoyin jijiyoyi, da 'yan abubuwa masu kama ƙamshi kusan iri 400, kuma saƙonsu na ratsa wani ƙashi mai ƙofofi kamar rariya kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ya ce waɗannan jijiyoyin suna sake tsirowa, ba kamar yawancin 'yan'uwansu ba, sai dai ba a yi musu gaggawa. Ya sa ni sansana kanumfari, lemun tsami da wardi safe da yamma. Na yi watanni ina shaƙar iska kawai, har na fara zargin lallashina yake yi.

A nan na gane harshe ba ya sanin komai sai irin su zaƙi, tsami, ɗaci da gishiri. Daɗin daddawa a miyar kuka ashe ta bayan maƙogwaro yake hawa hanci. Da abin ya fara dawowa ma a karkace ya zo, soyayyiyar albasa ta koma mini warin ƙonanniyar roba.

Yaya, abokiyar zamana, ke kika karɓi girkina ba gori, ke kike duba mini gas kowane dare. Allah ya biya ki. Auta, da hancinki na riƙa auna hawi da sandal, kina cewa "Umma, ƙara kaɗan", Allah ya yi miki albarka. Maigida da ya ci miyar da gishiri ya zarce bai ce uffan ba, na gode. Masu sayen kayana da suka yi haƙuri, Allah ya bar zumunci.

Miski har yanzu sama-sama nake jin sa, amma ranar Asabar in sha Allahu zan ɗora kasko da kaina.