Sauya masanyayin katin girafik: kaurin fad ne ke yanke hukunci

Kafin ka ɗauki sukudireba, tabbatar masanyayin ne ya gaza. Sau da yawa fanka ɗaya ce ta gaji, tana gurnani ko ta tsaya cak. In haka ne, duba lambar da ke bayanta, auna faɗinta, ka nemo irinta kawai. In kuwa duka za ka sauya, auna tazarar ramukan sukuru huɗun da ke kewaye da GPU, wato babban cif ɗin katin, don ta bambanta daga kati zuwa kati. Masanyayai irin su Arctic Accelero da Raijintek Morpheus suna zuwa da jerin katunan da suka dace da su, kuma suna iya cinye gurbi uku a akwatin kwamfuta. Wasu kamfanonin ma na kafa hujja da yagaggiyar takardar kan sukuru su ƙi garanti.

Bar katin ya yi aiki kamar minti 10 don tsohon man jan zafi ya yi laushi. Kashe kwamfuta, zare wuta, cire wayar fil 6 ko 8, danna maƙallin ramin PCIe, wato inda katin ke shiga a madabod, sannan ka zaro katin. Ɗauki hoton bayansa, domin sukurorin ba tsayinsu ɗaya ba, kuma dogo a ramin gajere na iya huda allo. Sukurori huɗun nan masu sifirin da ke kewaye da GPU su ne na ƙarshen kwancewa. Kada ka finciko masanyayin. Murɗa shi kaɗan hagu da dama har ya saki, ka tuna wayar fanka tana nan maƙale, ƙaramin soket ɗinta kuma saurin ɓallewa gare shi.

GPU ba kamar furosesa ba ne, ba shi da murfin ƙarfe, silikon ɗin a tsirara yake. Goge shi da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, da ƙyalle marar gashi, kana kaffa-kaffa da 'yan ƙananan kafasitocin da ke gefensa. Sabon man kuma shafa shi siriri har ya rufe kowace kusurwa. Ɗigo ɗaya a tsakiya ba ya isa a nan. Ruwan ƙarfe kuwa, wanda wasu ke shafawa a madadin man, ka bar wa masu kasada: yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyam.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fad, wato robar nan mai taushi mai jan zafi da ke kan memori da sassan daidaita wuta, VRM. Akwai mai kaurin milimita 0.5, da 1, da 1.5, da 2, kati ɗaya ma kan haɗa iri biyu ko uku. In ya yi siriri ba zai taɓa ƙarfen ba, memori ya yi ta dahuwa. In ya yi kauri sai ya tokare masanyayin ya hana shi zama a kan GPU, ka ga sabon kaya amma zafi ya fi na da. Rabin milimita ya isa ya jawo wannan. Saboda haka yi gwaji tukuna: ɗaura, kwance, duba. Man ya baje ko'ina? Shatin memori ya fito a jikin fad? Kar ka manta ɓare ledar ɓangarorin biyu.

Wajen ɗaurewa bi sukurori huɗun a gicciye, juyi ɗaya ko biyu kowanne, har su tsaya da kansu. Danne ɗaya gaba ɗaya tun farko na iya ɓalgace gefen silikon. Soket ɗin fankar kati ya fi na madabod ƙanƙanta, don haka wataƙila ka buƙaci adafta.

Kunna, ka ga fanka na juyawa in an ɗora wa katin aiki, tunda da yawa ba sa juyawa in zafi bai kai ba. Buɗe manhajar duba zafi HWiNFO ko GPU-Z, sa FurMark, manhajar ɗora wa kati aiki mai nauyi, ya yi minti 15. Tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakanin zafin GPU da na wurin da ya fi zafi ba laifi. Ta haura 25, masanyayin bai zauna daidai ba, sake kwancewa. Memori irin GDDR6X kuma yana rage gudu a wajen digiri 110. In yana dosar can, fad ɗin za ka sake aunawa.