Kafin a ƙara wa kwamfuta ram, sai an karanta ta

Shagona na gyara da sayar da kwamfuta ne a Kano, ni da yaran shago da ke koyon aiki a hannuna. Yawancin kayan da ke ratsa hannunmu kwamfutocin tebur ne na gwanjo, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama moriyarsu aka loda a kwantena, suka sauka a Legas, dillalan Computer Village da ke Ikeja kuma suka turo mana Arewa. Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre, su ne abincinmu. Masu saye kuwa su ne makarantu masu zaman kansu, masu shagon buga takardu da fotokwafi, masu kemis da ke son lissafin kaya, da cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. A cikin duk ayyukan da muke yi, babu wanda ake yawan kawo mana kamar ƙarin ram, wato 'yar sandar da ke riƙe aikin da kwamfuta ke kai a lokacin, kuma babu wanda mutane suka fi rainawa kamarsa.

Mutum zai shigo da kwamfuta a hammata, ya dire ta a kan tebur ya ce, "Injiniya, nauyi take yi, a ƙara mata ram." Ya riga ya gano ciwon, ya rubuta maganin, hannu kawai yake so in sa. Ni kuwa ba na taɓa sukundireba sai na kunna ta. Ina danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, shafin da ke nuna yadda kowane sashe na kwamfuta ke aiki, ya buɗe, in ce masa, "Alhaji, buɗe min abubuwan da ka saba buɗewa a wajen aiki." Sai ya buɗe Chrome da shafuka barkatai, ya ɗora Word, ya ɗora CorelDraw. In ma'aunin ram ya cika ya batse, to maganarsa ce. Amma sau da yawa ram ɗin na zaune a rabi, had-dis ne ya maƙale a kashi 100 yana ta nishi. Irin wannan ko giga 16 ka zuba mata ba za ta sake zani ba, SSD take so, ma'ajiyar da ta fi had-dis sauri. In na sayar masa da ram a wannan hali, kuɗi zai shiga aljihuna yau, jibi ya dawo yana cewa na cuce shi, kuma ya yi gaskiya.

Aikin ram riƙe abin da kwamfuta ke aiki a kansa a daidai lokacin, da an kashe wuta komai ya goge. Had-dis da SSD su ne ma'ajiya. Idan ram ya cika, Windows sai ya koma aron wuri a ma'ajiya, ita kuwa ba ta da saurinsa ko kusa, daga nan ne nauyin ke farawa.

To, a ce an tabbatar ram ne. A nan ne ainihin aikin yake, domin ram ba iri ɗaya ba ne, zuriya-zuriya ne, kuma ba sa shiga gurbin juna. DDR2 ya fito a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shiga kwamfutocin tebur a 2021. A kasuwarmu DDR3 da DDR4 ne ke yayi, DDR2 sai a tsofaffin injinan Core 2 Duo irin su OptiPlex 755 da har yanzu wasu masu buga takardu ba su rabu da su ba. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne tsawonsu ɗaya ne, launin ma galibi kore. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, DDR4 da DDR5 kuma 288. Bambancin yana a wata 'yar tsaga da ke cikin layin haƙoran zinaren nan na ƙasa, kamar wushirya, kowace zuriya da inda tata take. A cikin gurbin da ke kan madabod, wato babban faifan da ake jona duk sassan kwamfuta a kai, akwai ɗan tudu da ya dace da tsagar. In ba su haɗu ba, sandar ba za ta zauna ba, kuma da gangan aka yi haka, saboda wutar da suke sha ta bambanta: DDR2 bolt 1.8, DDR3 1.5, DDR4 1.2, DDR5 1.1. Abu na farko da nake koya wa yaro shi ne, in ram ya ƙi shiga, ba ƙarfinka ne ya gaza ba. An sha kawo mana madabod da gurbi a fashe saboda wani ya hau kansa da dukkan ƙarfinsa. DDR4 ma yana da wata alama: ka ɗaga shi ka duba layin haƙoran, za ka ga ya ɗan yi tudu a tsakiya, ba a miƙe yake sak ba.

Sai sitikar da ke manne a jiki, wadda ita ce rabin sana'ar. Ɗauki sanda guda daga cikin durowata, an rubuta 4GB 1Rx8 PC3-12800U. Kowane guntu da abin da yake faɗa. PC3 na nufin DDR3. Raba 12800 gida takwas, ka samu 1600, saurinsa ke nan; in ka ga 10600, lissafin ya kusa 1333, shi ne saurinsa. A kan DDR4 ba sai ka yi lissafi ba, galibi kai tsaye ake rubutawa, PC4-2400T ko PC4-2666V. Harafin ƙarshe a kan na DDR3 kuwa shi ne ke raba mai riba da mai asara. U na kwamfutar tebur ce. S na laftof ne, gajere. R na injinan "server" ne, wato manyan injinan ofis, kuma shi ne tarkon da ya fi kama mutane, saboda ana zubo shi da yawa a kayan gwanjo, yana da araha, tsagarsa ta yi daidai, yana shiga gurbi tsaf, amma ka kunna kwamfuta allo ya tsaya baƙi. Wani zai zo min da giga 16 da ya saya a banza yana murna, in juya sandar in nuna masa R ɗin nan, murna ta koma ciki.

Akwai kuma PC3L, wato DDR3 mai shan bolt 1.35. Wannan ƙaramin L ɗin ya sa mutane da yawa asara. OptiPlex 3040 da 5040 da 7040 'yan shekara ɗaya ne, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zuriya ta shida duk suke ɗauke da ita, akwatinsu ma kusan ɗaya. Amma 7040 DDR4 take ci, 3040 da 5040 kuwa DDR3L. Shi ya sa in mai makaranta ya kira ni a waya ya ce a kawo ram na "Dell core i5", sai in ce, "Malam, ɗauko min hoton lambar da ke gaban akwatin, in da hali ka buɗe murfin ka ɗauko sitikar ram ɗin da ke ciki." Core i5 kaɗai ba ta gaya min komai ba, tun 2009 ake yin ta. Haka ma 'yan ƙananan nan da ake maƙalawa a bayan monita, OptiPlex Micro da ThinkCentre Tiny, sunansu na tebur amma ram ɗin laftof ne a cikinsu.

Ko 1Rx8 ɗin yana da ranarsa. Tsofaffin injinan Core 2 Duo masu DDR3 sukan ƙi sandar giga 4 mai ƙwayoyi takwas a gefe ɗaya, sai mai ƙwayoyi goma sha shida a gefe biyu, wadda ake rubuta wa 2Rx8. Ina ware irin waɗannan a leda daban, domin ranar da aka buƙace su ba a samunsu da sauƙi.

Kowace kwamfuta kuma da iyakarta. OptiPlex 3020 gurbi biyu gare ta, ƙarshenta giga 16. HP Compaq Elite 8300 mai babban akwati gurbi huɗu, tana kaiwa 32. Sannan in Windows ɗin da ke kai mai bit 32 ne, ko nawa ka sa ba zai ga abin da ya wuce giga 3 da 'yan kai ba, sai an sauke shi an ɗora mai bit 64. Wannan sai a faɗa wa mai kaya tun kafin a yi ciniki, tunda aiki ne daban da kuɗinsa.

Sawar kanta ba ta kai shan shayi ba. A zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci sauran wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai. Wannan taɓa ƙarfe ba camfi ba ne, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum ke jin tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota. Wannan tartsatsin ya isa ya kashe ƙwayar ram. A riƙe sandar ta gefe, a buɗe kunnuwan gurbin, a daidaita tsaga, a danna gefe biyu har kunnuwan su rufe da kansu, ƙas. In gurbi huɗu ne sanda biyu, a sa su a gurabe masu launi ɗaya. Ni a wajena giga 4 guda biyu iri ɗaya sun fi giga 8 guda ɗaya aiki, domin furosesa na ɗibar bayanai ta hanya biyu a lokaci guda, sai dai in gurbi biyu ne kacal kuma mai ita na da niyyar ƙari nan gaba. In aka haɗa mai sauri da marar sauri, duka za su koma tafiyar marar saurin.

Da hunturun ma muke samun wani aikin. Ƙura na shiga gurbi, kwamfuta ta ƙi tashi, tana ƙara ɗil-ɗil ko fitilar gabanta na ƙyafta ruwan lemo, mai ita ya zo hankali a tashe ya ɗauka ta ƙone. Mu cire ram, mu goge haƙoran da kilinar fensir a hankali, mu hura gurbin da bulowa, mu mayar, ta tashi. Na san akwai masu cewa sun canza wani abu su caji mutum kuɗin sabon kaya. Ni kuɗin hannu nake karɓa, in kuma nuna masa yadda zai yi da kansa. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Mai makarantar da ka yi wa haka shi ne zai kira ka ranar da zai sayi kwamfuta talatin.

Wajen sayen kaya kuwa ba na yarda da sitika ita kaɗai, don ana ɓare ta a manna wata, giga 2 ya zama giga 8 a rubuce. A jikin kowace sanda akwai wata 'yar ƙwaya da ke ɗauke da bayaninta na asali, manhajar CPU-Z tana karanto shi a shafin SPD, girma da sauri da kamfanin da ya yi. Duk kayan da suka iso sai sun bi ta kan injin gwajinmu, a duba su da CPU-Z, a bar MemTest86, manhajar da ke zaƙulo kurakuran ram, ya zagaya su. Wanda ya nuna ja, alamar kuskure, ko layi ɗaya ne, komawa yake wajen dillali. Na fi natsuwa da sandunan Samsung da SK Hynix da Micron da aka ciro daga injinan ofis, tunda waɗannan kamfanoni uku su ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin ram na duniya, sauran galibi saye suke su harhaɗa. Sabon ram mai sunan da ban taɓa ji ba, ko a kwali mai ƙyalli ya zo, gwanjon Samsung ya fi shi daraja a idona.

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tambayar ta ɗan sauya. Windows 11 a hukumance giga 4 yake nema, amma kuma yana son furosesar Intel zuriya ta takwas zuwa sama, wanda ke nufin duk injinan DDR3 ɗin nan da suka cika makarantu ba sa cikin lissafinsa. Shawarar da nake bayarwa ba ta da yawa. In injin DDR3 ne, a kai shi giga 8, a sa masa SSD, a ci moriyarsa, kada a zuba masa kuɗi fiye da haka. In saye za a yi yanzu, a nemi zuriya ta takwas mai DDR4, ko da giga 8 aka fara, a tabbatar akwai gurbi a buɗe. Tsohon ram ɗin da na cire kuma ina miƙa wa mai shi a leda, ko in saye shi a rage masa a cikin kuɗin aiki, don sandunan giga 2 da 4 har gobe suna da masu nema a wajen masu buga takardu.