Abin da ke bayan "Alhamdulillahi"

A shekarata ta ƙarshe ta karatun aikin jinya a Kumasi aka haɗa ni da masu binciken halin rayuwar masu sankarar ƙwaƙwalwa da masu jinyarsu. Da yake ni 'yar unguwar Aboabo ce a nan Kumasi, sai aka bar mini mutanen Zango da baƙin arewa masu jin Hausa. Takardar binciken daga Turai ta zo: tambayoyi 30, da ƙarin 20 da suka shafi ƙwaƙwalwa kaɗai, irin su gani bibbiyu, jijjiga, zubewar gashi da fargabar gobe. Akwai inda ake so mutum ya ba rayuwarsa maki daga 1 zuwa 7.

Makon farko maki mai kyau na yi ta kwasa. Kun gamsu da kulawa? "Alhamdulillahi, likitoci suna ƙoƙari." In rubuta, raina fari. Na manta cewa a cikin mutanen da na tashi, mutum ko numfashi yake ja da ƙyar "da sauƙi" zai ce, balle ga mai rigar asibitin da gobe ma nan zai dawo.

Wata Hajiya daga Bawku ce ta buɗe mini ido. An yi wa maigidanta tiyata, ana yi masa gashin na'ura don ƙona ƙarin da ke ƙwaƙwalwarsa, kwana biyar a mako har mako shida. Na'urar gashin gwamnati a lokacin Accra da Kumasi kawai take, shi ya sa suka sauka a ɗakin wani ɗan'uwa a Asawase. Ta riga ta ce mini ta gamsu ƙwarai. Bayan azahar na same ta a kan benci, ba takarda a hannuna, na ce, "Mma, jiya kin runtsa kuwa?"

Ta daɗe shiru kafin ta ce rabonta da barcin kirki tun kafin su baro gida. Deksametason, maganin da ke rage masa kumburi, yana hana shi barci, ga yunwa ba dare ba rana, ga suga ya hau. Ta sayar da zannuwanta saboda katin inshorar lafiya bai ɗauki wannan jinya ba. Duk wannan ba shi ya fi ci mata rai ba. Alhaji, wanda tun aurensu bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya zage ta a cikin trotro, motar haya, a gaban jama'a. Dangi sun ce sammu ne, kuɗi kawai take ɓarnatarwa. Babban ɗansu aka yi wa bayanin ciwon da Turanci, shi kuma don tausayi ya ɓoye mata.

Na nemi izinin likita, na zaunar da ita, na gaya mata da Hausa cewa ƙarin a gaban ƙwaƙwalwa yake, wurin da kunya da kamun kai suke, kuma idan ya danne wurin hali kan canja. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ashe ba shi ne ya zage ni ba."

Har yanzu ina cika takardar, don tana da amfaninta. Amma kafin in ɗauko biro sai na tambayi mai jinya wa ya karɓe ta jiya da dare, me ta ci, nawa ya rage a ɗan tofinta, da kuma abin da aka ce mata yana damun mutuminta, da bakin da take ji.