Yadda Mazaɓun Montana Suka Sauya

Tarihin mazaɓun jihar Montana ta Amurka yana burge ni ƙwarai. Bayan ƙidayar 1990 jihar ta rasa ɗaya daga kujerunta biyu a Majalisar Wakilai ta tarayya, har ya zama mutum guda ke wakiltar faɗin jihar baki ɗaya na tsawon shekara 30, kafin ƙidayar 2020 ta maido mata da kujerar.

Abin da na fi yabawa shi ne kundin tsarin mulkinta na 1972, wanda ya karɓe aikin shata iyakoki daga hannun 'yan majalisa ya damƙa wa kwamiti mai mutum biyar. Kwamitin ne ke shata mazaɓu 100 na wakilan jiha, sannan ya haɗa su bibbiyu su zama mazaɓu 50 na dattawa.