Darɓa a Shagona

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da iri da maganin feshi a Ɗambatta, ni da yaran shago biyu. Da zarar ruwa ya ɗauke na kwana goma a tsakiyar damina, na san abin da za a fara shigo mini da shi: reshen wake ko na gyaɗa a leda, ganye ya nannaɗe, yana danƙo a hannu. Darɓa ce, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse shuka.

Ba na taɓa kwalbar magani sai na juya ganyen. Za ka gan su baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba, sun yi cincirindo a kan toho. Bakinsu kamar allura yake, da shi suke tsotse ruwan jikin shuka, zaƙin da ya yi musu yawa su fitar ta baya. Shi ne danƙon nan da tururuwa ke bi, har tana gadinsu kamar makiyayi da garkensa. Macen ba ta jiran namiji, ba ta saka ƙwai, 'ya'ya take haifa da ransu, kuma cikin kusan mako guda 'yar ma ta fara haihuwa. In wuri ya cika, sai a haifo masu fiffike su tashi zuwa gonar maƙwabci.

A gyaɗa, tsotson ba shi ne abin tsoro ba, kuturtar gyaɗa da suke ɗaukowa ce. A 1975 ta cinye wajen hekta 700,000 a Arewa. Mahaifina har ya rasu bai daina labarin shekarar ba. Shi ya sa nake nace wa mutane da SAMNUT 24, irin gyaɗa mai jure cutar na cibiyar binciken noma ta Samaru, da shuka da wuri, da cusa shuka kusa-kusa, da tuge gyauro, domin a jikinsa cutar ke rayuwa da rani.

Bara wani dattijo ya zo da kuɗin lita biyu a hannu. Na duba reshensa, sai ga jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi suna ta cin darɓar. Na ce, "Baba, feshi zai kashe masu yi maka aiki. A jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya a fesa inda ta yi yawa, a ba ni kwana huɗu."

Ya tafi yana ta jinjina kai. Daren Alhamis aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke ganyen tas. Ranar kasuwa ya dawo, da kuɗin ya sayi taki.