Yadda malamin kimiyya zai tsamo kayan koyarwa masu amfani a intanet

Malam, kafin ka buɗe Google, ɗauki takarda ka rubuta abu uku: abin da kake so ɗalibai su iya yi a ƙarshen darasin, inda suka saba ruɗewa a wannan babin, da kayan da ke ajinka a zahiri, wato ko akwai wuta da majigi, ko kwamfuta ɗaya ce, ko wayarka kaɗai. Wanda ya tsallake wannan matakin zai raba dare yana buɗe shafuka, ya tashi da bidiyo mai daɗin kallo wanda bai dace da ajinsa ba. A darasin lantarki, alal misali, ruɗanin da ya fi yawa shi ne yara suna ɗauka ƙwan fitila yana cinye kwararar lantarki, don haka wadda ta fito daga cikinsa ba ta kai wadda ta shiga ba. Da zarar ka san wannan, ka san abin da kake nema: abin da zai nuna awo kafin ƙwan da bayansa.

Yawancin kayan da Turanci suke, saboda haka da Turanci za ka yi binciken. Ka haɗa sunan darasin da kalmar "misconceptions" ka ga irin kurakuran da masana suka tattara. Ƙara filetype:pdf yana kawo takardun da ake iya saukewa a buga, site:edu ko site:ac.uk kuma yana taƙaita sakamakon ga jami'o'in Amurka ko na Birtaniya. A kula da matakin aji, domin sunayen sun bambanta. "Grade 9" a Amurka 'yan shekara 14 zuwa 15 ne, "Key Stage 3" a Ingila kuwa 'yan 11 zuwa 14. Da shekarun yara ake gwadawa, sannan a duba manhajar da kake bi.

In da za a ce a zaɓi wuri guda, PhET zan zaɓa. Jami'ar Colorado da ke Boulder ce ke gudanar da shi, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001 ne ya kafa shi a 2002. Akwai kwaikwayon gwaje-gwaje sama da ɗari na fiziks, kemistiri, bayoloji da lissafi, inda yaro ke jan abu da yatsa ya ga sakamako nan take. Sababbin, waɗanda aka gina da HTML5, kowanne fayil guda ne mara nauyi. Ka sauke sau ɗaya, ka tura a filash ko ta Bluetooth, ya buɗe a Chrome ko Firefox ba tare da data ba. Idan ya ƙi motsi a waya, galibi manhajar duba fayil ce ta buɗe shi maimakon burauza. Tsofaffin da aka yi da Java ba sa aiki a waya, na Flash kuma sun mutu tun da Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020, don haka duk shafin da ya ce ka saka Flash, ka wuce.

Ga yadda ake cin moriyarsa a wancan darasin na lantarki. Buɗe Circuit Construction Kit: DC. Haɗa batir mai volt 9 da ƙwai mai turjiyar om 10. Kada ka kunna tukuna. Tambayi ajin: idan aka sa amita, wato na'urar awon kwararar lantarki, kafin ƙwan, aka sa wata bayansa, wacce za ta nuna adadi mafi girma? Kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa a littafi. Rubutawar na da muhimmanci, domin yaron da bai ɗaure kansa da amsa ba, in ya ga sakamako cewa zai yi dama haka ya zata. Sai ka rufe da'irar: duka biyun 0.9 za su nuna. Ƙara ƙwai na biyu a jere da na farko, adadin ya koma 0.45, hasken ya dusashe. Mayar da shi reshe na daban, kowane reshe ya ɗauki 0.9, batirin yana fitar da 1.8. Minti goma sha biyar sun isa, sauran lokacin na muhawara ne da lissafi a allo.

Abu biyu ke ɓata wannan darasin. Na farko, manhajar na iya nuna tafiyar ilektiron daga ɓangaren debewa zuwa na tarawa, alhali kibiyar littafi akasin haka take nunawa. Akwai maɓallin sauyawa a gefe, ka zaɓi wanda ya dace da littafinku, ko ka nuna duka biyun da gangan. Na biyu, in an zo gwajin gaske adadin ba zai fito daidai haka ba, saboda batir yana da turjiya a cikinsa, siririn ƙarfen da ke cikin ƙwai kuma turjiyarsa na ƙaruwa idan ya yi zafi. Ka faɗa wa yara tun da wuri, kada su ɗauka kayan awonsu ne suka lalace.

Kuma kwaikwayo ba ya maye gurbin hannu inda hannu zai iya. Gwajin lilo ba ya bukatar komai sai zare, ɗan dutse da agogon waya. Zare mai tsawon mita 1 yana kai-komo ɗaya cikin kusan daƙiƙa 2, mai santimita 25 kuma kusan daƙiƙa 1. A ƙirga kai-komo 20 a raba lokacin gida 20, domin jinkirin yatsa wajen danna agogo yana ɓata awon guda ɗaya, kuma kada a ja dutsen da nisa sosai. Mai son ƙari ya duba phyphox, manhajar kyauta daga jami'ar RWTH Aachen ta Jamus, wadda ke mayar da na'urorin cikin waya kayan awon motsi, sauti da maganaɗisu.

Littattafai ba su da wahalar samu. OpenStax na Jami'ar Rice, wanda ya fara a 2012, yana ba da cikakkun littattafai a PDF kyauta. Yawancinsu na shekarar farko a jami'a ne, sun fi dacewa da malami ya sabunta iliminsa ko ya ɗauki zane. Na Siyavula daga Afirka ta Kudu an rubuta su ne don 'yan makaranta, Turancinsu ya fi sauƙi. Darussan TESSA, shirin da Open University ta Birtaniya ta jagoranta, an tsara su ne don aji mai cunkoso da ƙarancin kaya. A bayoloji kuwa HHMI BioInteractive yana da gajerun bidiyoyi haɗe da takardun tambayoyi.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan sosai shi ne gwajin sinadarai. Kada a kwafi gwaji daga bidiyon YouTube ko TikTok kai tsaye zuwa aji. Mai bidiyon ba ya faɗin ƙarfin sinadarin da ya yi amfani da shi, ba ya nuna karon da abin ya ɓaci. A 2014 hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan yara sun ƙone a wuraren da ake nuna musu launukan harshen wuta da metanol. Abin da ke faruwa shi ne mai nunin ya ƙara zuba metanol daga babbar kwalba kusa da wutar da ba a cika ganinta ba, tururin cikin kwalbar ya kama, wutar ta yi tsartuwa ta nufi masu kallo. Gwajin da za a amince da shi dole ya zo da jerin kaya, adadi, ƙarfin kowane ruwa, haɗarinsa da yadda za a zubar da ragowar. Shafin ilimi na Royal Society of Chemistry yana da irin waɗannan, da yawansu an shirya su tare da Nuffield Foundation, IOPSpark na Institute of Physics kuma yana da na fiziks. Ko da su, ka sake lissafin da kanka. Idan an ce NaOH (sodiyam haidiroksaid) mai ƙarfin 0.1 M, giram 4 ke nan a narkar a ruwa kaɗan, sannan a cika har ya kai lita 1. Haidirojin feroksaid mai kashi 3 cikin 100 da mai kashi 30 suna ɗaya suke amsawa, amma na biyun yana ƙona fata. Kuma duk gwajin da ba ka yi shi kai kaɗai kwana ɗaya kafin darasi ba, bai isa shiga aji ba.

Makarantar da netwok bai wadata ba tana da mafita biyu. Manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality ana saka ta a kwamfuta ɗaya, a sauke darussan Khan Academy, CK-12 ko PhET a inda sabis ke da ƙarfi, sannan a haɗa kwamfutar da rauta ko da babu intanet. Kowace waya da ta hau wannan rautar za ta buɗe darussan a burauza ta adireshin kwamfutar, wanda yawanci ke ƙarewa da 8080. Idan wayoyi sun kasa shiga, ko dai katangar tsaron Windows ce ta toshe, ko adireshin ya canza bayan an sake kunna rautar. Kada a sauke tasha, wato duk kundin darussan wuri guda kamar Khan Academy, gaba ɗaya, a zaɓi babukan zangon da ake ciki, in ba haka ba faifan zai cika. Mafita ta biyu ita ce manhajar Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia a fayil guda. Cikakkiyar ta Turanci da hotuna ta kai kimanin gigabait 100, amma akwai ƙananan kundaye na kemistiri ko fiziks kaɗai. Game da bidiyo, 720p yana da ɗigon hoto ninki huɗu na 360p. A fuskar waya 360p ya wadatar, sai dai idan akwai ƙananan rubutu da za a haska a bango.

Ta yaya za a gane shafin da ba a sani ba yana da inganci? Duba wanda ya rubuta da ranar sabuntawa, sannan ka jarraba shi da abin da ka riga ka sani. Jadawalin sinadarai da bai kai 118 ba ya tsufa, domin an sanya wa huɗun ƙarshe suna a 2016. Wanda ke lissafa Pluto cikin manyan duniyoyi tara bai san hukuncin 2006 ba. Shafin da ke da taswirar harshe mai ware wurin zaƙi da na ɗaci, ko yake cewa jinin da ke komawa zuciya shuɗi ne, ka rufe shi, sauran bayanansa ma abin zargi ne. Haka ma ChatGPT da ire-irensa: suna da amfani wajen sauƙaƙa Turancin sakin layi ko tsara tambayoyi, amma suna kuskuren lissafi cikin cikakken ƙarfin hali, suna kuma ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su. Kowace amsa a warware ta da biro kafin ta hau allo.

Kafin ka buga wa yara ko ka fassara, duba lasisin a ƙasan shafin. CC BY ya ba ka damar kwafi da gyara muddin ka ambaci mai shi, NC ya hana kasuwanci da shi, ND kuma ya hana yaɗa shi bayan an sauya, fassara na cikin sauyin. Abin da ka sauke ka ajiye shi a jaka bisa aji da babi, sunan fayil ya ƙunshi darasin da inda ya fito, tare da ɗan rubutu na layi biyu bayan darasi: minti nawa ya ci, a ina yara suka tsaya. Ka riƙe kwafi na biyu a filash, domin shafuka suna ɓacewa ko su koma na kuɗi ba tare da sanarwa ba.