Na je Honiton da atamfa a jaka

Jirgin ƙasa ya ɗauke ni daga tashar Waterloo a Landan da hantsi, muka yi kusan awa uku kafin mu isa Honiton, wani ƙaramin gari a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Abin da ya kai ni leshi ne, irin wanda ake saƙawa da hannu a kan matashi, da fil da ƙananan kwarkwaro na katako. Leshin wannan yanki ne aka ƙawata rigar auren Sarauniya Biktoriya da shi a 1840.

Na daɗe ina son in haɗa matashin saƙa nawa. Har na zo da yadi ɗaya na atamfa mai ruwan ɗorawa da manyan furanni, da niyyar in lulluɓe shi da ita.

A gidan tarihi na Allhallows, kusa da cocin St Paul a babban titin garin, na tarar da wata dattijuwa zaune da matashi a cinyarta, zagayayye kamar faifai amma mai tudu. Ta ce in taɓa. Na danna da babban yatsa, ko gezau. Da karan sha'ir ake cusa shi, a yayyanka kanana, a yi ta dannawa ana bugawa har ya zama kamar dutse. Idan da laushi, fil zai karkata lokacin da aka ja zare, furen leshin ya fito a murguɗe. Buhun ciki kuwa da yadi mai ƙarfi ake ɗinka shi, irin akoko, wanda ba zai yage ba komai matsi.

Da na fito da atamfata, ta daɗe tana shafa ta, ta yaba launin, sannan ta girgiza kai.

“'Yata, idonki zai gaji kafin ki gama ganye ɗaya,” in ji ta.

Ta ɗaga zaren ta nuna mini. Fari ne, siriri kamar gashi. A kan zane mai ado ɓacewa zai yi. Shi ya sa masu saƙar leshi suke zaɓar auduga zalla mai launi ɗaya, shuɗi mai duhu ko kore, mai santsi. Karammiski da duk yadi mai tsiro gashi ba sa shiga nan, don ɓurɓushinsa yana maƙalewa a cikin saƙa, kuma cire shi aiki ne. Abin da ta fi nanatawa shi ne wanki: a wanke yadin, a sake wankewa, har sai ruwan ya fito fes. Rini ya zuba a kan farin zare, aikin wata da watanni ya tafi. Fil ma na tagulla take so, saboda tsatsa.

Na tambaye ta game da matasan saƙa na zamani, na farar kumfar roba. Ta ce ba su da nauyi, masu koyo suna jin daɗinsu, sai dai tsakiyarsu na rarakewa da yawan huda.

Kafin jirgin yamma na shiga wani shagon yadi na sayi mita ɗaya na auduga shuɗiya. Daren nan na jiƙa ta a bokiti, ruwan farko ya fito kamar na marina. Sai a wanki na huɗu ya washe.